Me ya sa bagel ɗin da nake yi a gida yake fitowa kamar burodin shayi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Shekararmu shida a unguwar Bronx ta birnin Niyok. Yarana uku da maigidan duk sun kamu da son bagel, burodin nan mai tauri mai siffar zobe, kusan kullum da shi muke karyawa, har ya fara cin kuɗi. Sau uku ina gwada yi a gida, sai ya fito da laushi kamar burodin shayi mai rami a tsakiya, yaran su yi masa kallo ɗaya su ture. Ina kuskuren yake? Kuma akwai illa a riƙa cin sa kullum? Wata maƙwabciyata ma ta ce in bincika ko halal ne. Na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya yaran. Ban ga kwaɓinki ba, amma ina zargin abu biyu: ruwa ya yi yawa a kwaɓin, sannan ko dai ba ki dafa shi kafin gashi ba, ko kin ɗan tsoma kin cire don tsoron kada ya narke. Duk wanda hannunsa ya saba da kwaɓin fanke ko na gurasa, nan yake fara tuntuɓe, domin mun saba da cewa kwaɓi mai kyau shi ne mai laushi. Shi bagel kwaɓinsa tauri ake so, irin wanda za ki murza har damtsenki ya gaya miki.

Bari in ba ki awo. A fulawa giram 500, ruwa kada ya wuce mililita 290. Gishiri giram 10, yis na gari giram 5, zuma babban cokali ɗaya. Shi ke nan, babu mai, babu ƙwai, babu madara. Fulawar kuma ki duba bayan ledarta: ana son mai furotin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, wadda ake sayarwa don burodi. Wannan furotin shi ne yake zama danƙo idan an murza, danƙon kuma shi ne abin da yaranki suke nema lokacin da suka ciza suka ja. Fulawar kek ba za ta ba ki shi ba ko kin kwana kina murzawa. Ki murza minti 10 zuwa 15 da hannu. Idan injin kwaɓi gare ki ƙarami, ki lura da shi, kwaɓin nan yakan wahalar da injin har ya yi zafi.

Ki rufe shi ya huta kamar awa ɗaya, ki raba takwas, kowane kusan giram 100. Masu gidajen bagel suna mulmula shi ya yi tsawo kamar igiya, su naɗe a tafin hannu, su murza bakin biyu a kan tebur su haɗe. Idan wannan ya ba ki wuya, ki dunƙule ki huda tsakiya da yatsa ki buɗa. Ki buɗa ramin fiye da yadda idonki yake so, domin yana tsukewa idan kwaɓin ya tashi. Daga nan ki jera su a faranti, ki rufe, ki sa a firij su kwana, awa 12 zuwa 24. Mutane da yawa suna tsallake wannan don gaggawa, alhali a cikin sanyin nan ne yis yake aiki a hankali, ƙamshi da ɗan tsamin nan mai daɗi su fito, kuma ƙananan ƙuraje da ake gani a fatar bagel mai kyau daga nan suke.

Sai dafuwar, wadda ita ce ta mai da shi bagel. Da safe ki jefa guda ɗaya a kwanon ruwan sanyi. Idan ya taso sama cikin 'yan daƙiƙu, ya isa. Idan ya nutse, ki bar su a waje su ƙara tashi. Ki tafasa ruwa a tukunya mai faɗi, ki zuba zuma cokali biyu, ki sa uku uku, kowane gefe daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Kada ki ji tsoro, wadda take dafa ɗan wake ta san kwaɓi ba ya narkewa a tafasasshen ruwa. Abin da yake faruwa shi ne sitacin da ke saman kwaɓin yana shan ruwan zafi ya dahu, ya zama wata fata. Fatar nan tana kulle kwaɓin, ta hana shi kumbura da yawa a wuta, shi ya sa cikin yake fitowa a cushe, bayan kuma da sheƙi. Idan kin daɗe a tafasar, fatar ta yi kauri, taunar ta ƙaru. Wasu suna ƙara ɗan garin soda na girki a ruwan don bayan ya yi ja sosai, aikin da kanwa take yi a girkinmu ke nan, amma ki yi a hankali, idan ya yi yawa za ki ji ɗanɗanon sabulu.

Kina tsamewa, tun yana da danshi, ki barbaɗa riɗi ko soyayyar albasa ko abin da yaran suke so. Ki gasa a wuta mai ƙarfi, digiri 220 zuwa 230 a ma'aunin Salshiyas, kusan 450 a ma'aunin da ke jikin murhunku na Amurka, na kimanin minti 20.

Za ki ji mutanen Niyok suna cewa sirrin a ruwan famfon garinsu yake. Ruwan nasu ba shi da ma'adinai masu yawa, gaskiya ne, amma ni ban ɗauke shi da nauyin da suke ba shi ba. Kwana a sanyi da tafasa sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba. Ke ma da wannan ruwan kike kwaɓi, ga shi bai cece ki ba.

Asalin abincin na Yahudawan ƙasar Poland ne. An ambace shi a dokokin al'ummar Yahudawan birnin Krakow na shekarar 1610, cikin abubuwan da ake kai wa mai jego. Yahudawan gabashin Turai da suka yi ƙaura a ƙarshen ƙarni na 19 su suka kawo shi Niyok, inda masu yin sa da hannu suka kafa ƙungiyar ƙwadago tasu a farkon ƙarni na 20, suka riƙe sana'ar shekaru da dama. Abin ya canza a shekarun 1960, lokacin da injin mulmula bagel na Daniel Thompson ya fito, kamfanin Lender's na garin New Haven kuma ya cika manyan kantuna da daskararre a leda. Na kawo tarihin nan ne don ki gane abin da ke cikin ledar kanti: da yawansu tururi ake fesa musu a maimakon tafasa, shi ya sa suke da laushi. A Montreal ta Kanada kuwa nasu ƙarami ne, mai faɗin rami, ana dafa shi a ruwan zuma a gasa da itace.

Batun halal, kayan haɗinsa na asali kin gan su, babu abin shakka a ciki. Gidajen bagel suna amfani da wani ruwa mai kauri da zaƙi da ake samu daga tsiron sha'ir a inda na ce ki sa zuma. Wasu suna jin sunansa su tsorata don da tsiron sha'ir ake yin giya, amma shi wannan ba a tsimar da shi ba, babu maye a cikinsa. Inda ake lura shi ne abin da ake cusawa a ciki. Shagunan unguwa da yawa suna soya naman alade da ƙwai a kan ƙarfe ɗaya. Ki saya ba a yanka ba, ki zo gida ki shafa cukun shafawa ko man gyaɗa, ko ki sa ƙwai. Na leda kuma ki karanta jerin kayan da ke bayansa, abin da ya shige miki duhu ki tambayi malami.

Cin sa kullum, damuwata girmansa ce. Na shagunan yau ya ninka na da, guda ɗaya yakan kai yanka uku zuwa huɗu na burodi, kuma farar fulawa ce zalla wadda take saurin ɗaga sukarin jini. Yaro mai guje-guje a makaranta zai ƙone shi. Maigida idan aikin zama yake yi, ko akwai ciwon sukari a dangi, rabi ya ishe shi, tare da ƙwai ko kifi, kuma ya tuntuɓi likitansa idan an riga an ce ya kula. Na gida mai giram 100 ya fi dacewa, kuma kina iya maye kashi ɗaya cikin uku na fulawar da garin alkama da ba a cire dusarsa ba, ki ƙara ruwa cokali ɗaya ko biyu.

Tun da kullum ake ci, ki yi ninki biyu ranar Asabar. Wanda za a ci a ranar ki bar shi a waje. Sauran, idan sun huce sarai, ki tsaga kowane biyu, ki ɗaure a leda ki sa a firiza, da safe a ɗauko kai tsaye a gasa ba sai ya saki ba. Gasasshe kada ya shiga firij, sanyin firij yana sa burodi ya bushe ya yi gari da wuri fiye da a waje. Wajen tsagawar kuma ki kwantar da shi a kan katako, tafinki a samansa, da wuƙa mai haƙora. Kada ki bar yaran su riƙe shi a hannu su yanka; wuƙa tana zamewa a kan fatar nan mai santsi, kuma yanka irin wannan sananne ne a ɗakunan gaggawa na asibitocin Amurka.