Katin Barka da Sallah da Hannun Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana, ɗan shekara 4 da 'yar shekara 6, suna son yi wa kakarsu katin barka da Sallah. Duk wanda muka gwada sai ya lanƙwashe, fentin ya jagwalgwale. Ina mafita?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Takardar littafin rubutu ba ta jure ruwa. Sayi farin kwali, ki yanka girman A4. Kafin ki ninka shi biyu, ɗora rula a tsakiya ki ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, ninkin zai fito a miƙe.

Fentin kuma ruwa ne ya yi masa yawa: ga fenti cokalin shayi ɗaya, ɗigo uku na ruwa ya isa. Ƙaramin ya riƙa dangwala yatsa, babbar ta yanka ƙyallayen atamfa na wurin tela da almakashi marar tsini. Farin gam kaɗan a gefen ƙyalle. Kada ki kuskura ki ba su Super Glue, yana manne yatsu.

Gaisuwar su rubuta da kansu, ko a karkace ne, rubutunsu kaka take son gani. In ya bushe sarai, danne shi da littafi mai nauyi ya kwana.