Amsoshin Wasiƙunku: Wane Ƙaro Za a Saya?

Wani mai wankin hula daga Haɗeja yana tambaya ko dole sai ƙaron itacen dakwara. A'a, malam. Na itacen dumshe ya ishe ka kuma ya fi araha, sai dai ka zaɓi mai haske saboda fararen huluna.

Wata baiwar Allah mai yin alewa a Kano ta ce garin ƙaron da ta saya ya yi kauri kamar koko da ta ɗora a wuta, tana tsoron ko ita ta ɓata. Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ba hannunki ba ne. Ƙaron gaskiya yana narkewa a ruwan sanyi, kuma ba ya kauri sai an zuba da yawa. Abin da ke kumbura in ya ji zafi sitaci ne. Ki tafasa kaɗan a ruwa, ya huce, ki ɗiga aidin. In ya koma shuɗi, an cakuɗa miki da garin rogo ko masara.

Wannan algus ɗin ne ke cin raina. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, ƙasar da ta fi kowa fitar da ƙaro, kaya suka yi wuya, 'yan damfara suka samu ƙofa. Wasu ma ruwa suke yayyafa wa dunƙulen don ya yi nauyi. A ɗakin gwaji ba a ɓoye wannan: akwai na'urar da ke dumama ɗan ƙaro a hankali tana auna nauyinsa. Ruwa ne ke fara fita a wajen digiri 100, shi kansa ƙaron sai an haura 200 yake fara lalacewa. Ƙa'idar duniya ta ce kada ruwan ya wuce kashi 15 cikin 100 a dunƙule, kashi 10 a garin da aka busar a masana'anta. Duk abin da ya haura, ruwa kika saya da kuɗin ƙaro, ga hunhuna a buhu. Ki sayi dunƙule busasshe mai ƙara in an fasa, ki daka da kanki.

Mai tambaya kan buhun da aka rubuta wai "gyararren ƙaro": akwai na gaske, wato ƙaron da aka sarrafa da sinadari, lambarsa E423, na asali kuma E414. Kamfanonin lemo aka yi wa gyararren. In babu lamba, babu sunan masana'anta, bar musu kayansu.

Shi kuwa wanda ya ce zai gwada da ashana, haba! Ƙaro da sitaci duk gawayi za su zama, asarar tsinke kawai za ka yi.