Ɗanyen waken soya da 'yan tsakin da suka ƙi girma

Wani mai kiwon kaji daga Wamakko ya aiko da tambaya: "Malam, na niƙa waken soya ɗanye, na haɗa da masara da dusa. 'Yan tsakina suna ci sosai, amma mako huɗu ke nan jikinsu bai ciko ba. Cuta ce?"

Malam, ina kyautata zaton waken ne, ba cuta ba. In ka yanka kaza, duba lanƙwasar hanjin da ta biyo bayan ƙundu. Za ka ga wani siririn nama fari-fari kwance a tsakani. Likitoci na ce masa fankiriyas, shi ke zuba ruwan da ke narkar da abinci. Ba ya zubawa sai an aike shi, kuma galibi ɗan aiken ta jini yake bi. A 1902, Bayliss da Starling suka tabbatar da haka a Landan, da gwaji a kan kare: tsamin ciki na taɓa hanji, sai hanjin ya saki sinadarin da suka raɗa wa suna sikiritin, shi ne ɗan aiken da ke bin jini zuwa fankiriyas. Akwai na biyu, CCK, wanda ke umartar fankiriyas ya ƙaro sinadaran narkar da furotin.

To, ɗanyen soya na ɗauke da abin da ke ɗaure tirifsin, babba cikin waɗannan sinadarai. A gwajin ɓerayen da aka ba ɗanyen soya, da aka ɗaure tirifsin an ga hanji ya yi ta sakin CCK babu ƙaƙƙautawa, fankiriyas ya yi ta aiki har ya kumbura. An ga kumburin a 'yan tsaki ma. Furotin ɗin da zai zama tsoka sai ya bi kashi, kuɗinka na biye da shi.

Maganinsa wuta ce. Tafasa waken kamar minti 30, ka shanya (ranar Sakkwato ba ta ɓata lokaci), sannan ka niƙa. In suya za ka yi, tsaya da zarar ƙarnin ya tafi. Wanda ya ƙone ya rasa amfaninsa.

Wata baiwar Allah daga Bodinga kuma ta yi tambaya ko za ta iya ba ragon layyarta ɗanyen waken. Hajiya, babban rago tumbinsa na rage kaifin abin, ɗan kaɗan ba zai cuce shi ba. Ban da 'yan raguna masu shan nono, kuma kada ki haɗa ɗanyen waken da abincin da aka sa wa yuriya.