Birki ya tsinke kwana biyu bayan gyara: ko bakanike zai biya diyya?

Tambaya: Barista, na kai motata gareji aka canja mini takalmin birki. Bayan kwana biyu birki ya ƙi kamawa a gangara, na daki katanga, hannuna ya karye, gaban motar ya lotse. Bakaniken ya ce tsautsayi ne, kuma yaronsa ne ya ɗaura. Ina da hakki a kansa?

Amsa: Malam, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar tsautsayi ba za ta fitar da shi ba. A shari'ar sakaci alƙali ba ya tambayar ko mutum ya yi niyyar cutarwa. Abin da yake dubawa shi ne: akwai nauyin kula da lafiyarka a wuyansa? Ya yi aikin yadda ya kamata? Kuma gazawarsa ce ta jawo maka asara?

Na farkon ba ya ɗaukar lokaci. Tun shari'ar Donoghue da Stevenson a Birtaniya a 1932, wadda ƙasashe da dama suka ɗauki tsarinta, an kafa cewa dole mutum ya kiyaye duk wanda aikinsa zai iya shafa kai tsaye. Wanda ya taɓa birki ya san rai ya taɓa.

Ma'aunin aikin kuwa ba a ɗora shi kan gwanin gwanaye ba. Ana auna bakanike da abin da matsakaicin bakanike mai sanin aikinsa zai yi: ya ɗaure kusoshi, ya fitar da iska daga layin man birki, ya duba ko mai na ɗiga, ya ɗan zaga da motar kafin ya miƙa maka makulli. In ya tsallake waɗannan, ya gaza. Batun yaro ma ba mafaka ba ne. A 1971 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta auna wata mai koyon tuƙi da ma'aunin ƙwararren direba, rashin gogewarta bai zame mata uzuri ba. Sannan a ƙa'ida maigida ne ke ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki.

Inda na fi ganin ƙara tana rushewa shi ne haɗa gazawar da hatsarin. Akwai wani mai gadin dare a Landan da ya sha shayi mai guba, ya je asibiti likita ya ƙi fitowa ya duba shi, ya rasu. Kotu ta yarda likita ya yi sakaci, amma matarsa ba ta samu diyya ba, domin an tabbatar ko an duba shi ba zai tsira ba. Haka lauyan bakanike zai yi maka: zai ce wani tsohon tiyo ne ya fashe, wanda ba a taɓa ba wajen gyaran. Kai ne mai kawo hujja, kodayake a irin wannan ƙara ya isa ka nuna zancenka ya fi nasa rinjaye.

Saboda haka kada kowa ya sa sifana a motar nan, musamman shi bakaniken. Samo injiniya mai zaman kansa ya buɗe ƙafafun, ya ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya gani. Adana rasit, saƙonnin waya, takardun asibiti da rahoton 'yan sanda.

Ka kuma faɗa wa lauyanka gaskiya tun yanzu: kafin hatsarin ka ji birkin yana nitsewa ka ci gaba da tuƙi? In haka ne, a ƙasashe da yawa za a rage diyyar gwargwadon naka laifin.

Ni da zan fara da wasiƙar lauya, a lissafa kuɗin magani, gyaran mota da abin da ka rasa na kwanakin jinya, a buɗe ƙofar sulhu. Ka sanar da kamfanin inshorarka. In wasiƙa ba ta yi ba, sai kotu, kuma can kana da ƙafa biyu: sakaci da saɓa yarjejeniyar aiki. Kafin nan ka bincika ko yana da abin biya, don hukunci a takarda ba ya gyara mota. Shigar da ƙara na da wa'adi, a Ingila shekara 3 ne ga rauni a jiki, don haka ka tambayi na inda kake a makon nan.