Kafin ka taɓa wuyan jitar nan

Ka tambaye ni jiya, magagari a hannunka, wai in ka rage wa wuyan jitar nan kauri zai fi daɗin riƙo, kuma ko amonta zai canza. Ajiye magagarin tukuna, yaro, ka saurara.

Abin da ma'auni ke nunawa daban, abin da tafin hannu ke ji daban. Galibin jitar lantarki, kaurin wuyanta daga can sama, kusa da kan jitar, milimita 20 zuwa 22 ne. Kamfanin ƙera jita na Ibanez sun sauko da nasu har milimita 17. Jitar Les Paul ta kamfanin Gibson ta 1959 kuwa wuyanta cika hannu yake, sai a 1960 suka sirance shi. Amma ɗauki wuya biyu masu kauri ɗaya, an sassaƙa bayan wannan kamar harafin C, na wancan kamar U, ka miƙa wa makaɗi ido rufe. Zai rantse maka na U ya fi kauri. Kafaɗun ne suka ruɗe shi, wato gefe biyun nan da ke gangarowa su haɗu da allon yatsu, inda ake danna tsirkiya. Nan tsokar hannu ke zama, nan kuma gajiya ke farawa.

Saboda haka dubi babban yatsan mai jitar tun kafin ka dubi katakon. Wanda ke leƙo da shi ta saman wuya, irin riƙon shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix, siffar V ko C mai zubabbun kafaɗu ce ke yi masa. Mai jitar gargajiyar Sifen kuwa yatsansa a tsakiyar baya yake dogara, shi ya sa wuyanta ke da faɗi, milimita 52, bayan kuma a shimfiɗe. Kada ka ɗauka siriri shi ne sauƙi. Na sha ganin mai babban hannu yana kukan ciwon yatsa, ashe wuyan ne bai cika masa tafi ba, sai matsa iska yake yi.

Batun amo, akwai gaskiya a ciki, amma ana zuzuta shi. Tsirkiya na son abin da zai riƙe ta gam. In wuya na lanƙwasa, yana shanye mata ƙarfi, sauti ya mutu da wuri, wani lokaci ma a wuri ɗaya tak a kan wuyan. Ka rage kashi 10 cikin 100 na kaurin katako, ƙarfinsa na jure lanƙwasa ya ragu da fiye da kwata, alhali tsirkiyoyin ƙarfe na jitar da ba ta lantarki ba suna jansa da nauyin kusan kilo 70. A ta lantarki dai, maganaɗisun da ke ɗaukar sauti da sifika sun fi wuya tasiri nesa ba kusa ba.

Kuma ka tuna akwai sandar ƙarfe kwance a cikin wuyan nan, katakon da ke bayanta ba shi da yawa. Ka zurfafa magagari ka huda ramin da sandar ke ciki, wuyan ya tashi aiki.

Bar tsakiyar yadda take. Ɗauko samfefa ka bi kafaɗun kaɗan-kaɗan, gobe in mai ita ya zo ka ba shi ya riƙe kafin ka ƙara ko shafa ɗaya.