Attaura ta hana yin surar mai rai, to daga ina su Chagall suka fito?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon zane. Wani malaminmu ya ce mana Yahudawa ma addininsu ya hana yin surar abu mai rai, kamar yadda muka sani a Musulunci. Amma da na buɗe tarihin zane na ƙarni na 20 sai ga sunayensu birjik: Chagall, Modigliani, Soutine, Epstein. Shin barin addininsu suka yi, ko maganar malamin ce ba haka take ba?

Amsa: Ɗan'uwa, malaminku gaskiya ya faɗa, sai dai maganar tana da saura. Hanin yana nan a Attaura, cikin dokoki goma: kada ka sassaƙa gunki ko siffar wani abu na sama, ko na ƙasa, ko na cikin ruwa, kada ka rusuna masa. Amma malaman Yahudawa sun daɗe suna tattauna iyakar wannan hani. Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya zauna a Masar ya rasu a 1204, ya yi hukunci cewa siffar mutum mai tudu, wadda ta ɓullo waje, ita ce haram ko da don ado aka yi ta. Wadda aka zana da fenti a kan allo ya halatta ta, dabbobi da tsuntsaye kuma bai ga laifinsu ba. Wanda ya yi karatun fiƙihun Malikiyya zai ji maganar ba baƙuwa ba ce, domin a can ma ana bambanta sura mai inuwa da marar inuwa. Ka ga ke nan tun asali hanyar mai zane ta fi ta masassaƙi faɗi.

A aikace ma an yi zanen tun da can. A 1932 masu tonon tarihi suka gano wata majami'ar Yahudawa a Dura-Europos, bakin kogin Furat a Siriya, wadda aka ƙawata wajen shekara ta 245. Bangonta cike yake da zanen mutane daga labaran Attaura, har da tsamo jariri Musa daga kogi da tsallake teku. Ƙasar da aka jibga mata don kare ganuwar garin lokacin yaƙi ita ta adana zanen, aka kwashe shi zuwa gidan tarihi na Dimashƙa. Akwai kuma wani littafin addu'ar Idin Ƙetarewa da aka rubuta a Jamus wajen 1300, inda mai zanen ya yi wa mutane jiki na mutane amma kai na tsuntsaye. Masana har yau suna gardama kan dalilinsa.

To me ya sa ba ka jin sunan babban mai zane Bayahude kafin ƙarni na 19? A ganina dokar Turawa ta fi dokar addini nauyi a nan. Sana'ar zane a Turai tana hannun ƙungiyoyin masu sana'a na Kirista, manyan masu ba da aiki kuma coci ne da sarakuna. Bayahude ba ya shiga. Sai da Faransa ta ba su 'yancin zama 'yan ƙasa a 1791, sauran ƙasashe suka biyo baya a hankali, ƙofa ta fara buɗewa. Moritz Oppenheim, haifaffen Jamus a 1800, shi ake yawan kira na farko da ya yi suna a zane ba tare da ya koma Kirista ba. Camille Pissarro kuwa, wanda aka haifa a tsibirin Saint Thomas a 1830, bai damu da addini ba, gonaki da titunan Paris ya yi ta zanawa, kuma shi kaɗai ya shiga dukkan nune-nune 8 na masu salon zana haske yadda ido ya kama shi, daga 1874 zuwa 1886. Duk da haka, da rikicin Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa, ya raba Faransa biyu, tsohon abokinsa mai zane Degas ya juya masa baya saboda Bayahude ne.

Cikin waɗanda ka ambata, Chagall da Soutine daga wani wuri dabam suka fito. Daular Rasha ta killace Yahudawanta a yankin yamma, ba sa zama a wajen yankin sai da takardar izini. A can, cikin ƙananan garuruwan talakawa masu riƙo da addini, hanin sura yana da ƙarfi fiye da yadda littattafan malamai suka tsara shi. Chaim Soutine, ɗa na goma cikin 'ya'ya 11 na wani mai gyaran tufafi a Smilavichi kusa da Minsk, an haife shi a 1893. Labarin da ake bayarwa shi ne ya zana fuskar wani dattijon malami, aka yi masa dukan kawo wuƙa, kuɗin diyyar da aka biya su ne suka kai shi makarantar zane. Ya isa Paris a 1913 ya sauka a La Ruche, ma'ana amya, wani gidan haya mai ɗakuna kamar saƙar zuma inda baƙi matalauta masu zane suke cunkushe, dab da mayankar birnin.

Ina son ka nemi zanensa na gawar sa, na wajen 1925, ka dube shi da kyau. Ya ga irinsa na Rembrandt, tsohon mai zane ɗan ƙasar Holland, a gidan tarihi na Louvre, sai ya sayo sa fiɗaɗɗe ya rataye a ɗakin aikinsa kwana da kwanaki, yana kwara masa jini duk lokacin da launin ya dusashe, maƙwabta suna kuka da wari. Haƙarƙarin a buɗe yake, ja da ruwan ɗorawa sun cakuɗe a kan shuɗi mai duhu, fentin da kauri kamar da hannu aka damƙa shi. Ka tuna mutumin ya tashi a gidan da ake tsane jini daga nama da gishiri kafin a dafa, domin cin jini haramun ne a wurinsu. Ni ban taɓa kallon zanen nan ba tare da na tuna da haka ba. Soutine ya sha yunwa shekara kusan goma kafin attajirin Amurka Albert Barnes ya sayi zanukansa masu yawa lokaci guda. Ya rasu a 1943 yana ɓoye wa 'yan Nazi, gyambon ciki ya fashe masa, aka kawo shi Paris a makare.

Abokinsa Modigliani ba daga irin wannan gida ya fito ba. Ɗan Livorno ne a Italiya, an haife shi a 1884 cikin iyali masu boko. Burinsa sassaƙa, ya yi kawunan dutse masu dogon wuya da siririn hanci waɗanda kowa ke ganin tasirin sassaƙar Afirka a jikinsu, amma ƙurar dutse da ciwon huhu suka mai da shi ga fenti. Tarin fuka ya kashe shi a 1920 yana da shekara 35, ba shi da komai. A 2015 an sayar da zanensa guda a kan dala miliyan 170.

Masassaƙi na gaske a jerin naka shi ne Jacob Epstein, wanda aka haifa a New York a 1880 ya koma Landan a 1905. Shi kam ya yi ainihin abin da bin Maimun ya hana, cikakkiyar siffar mutum mai inuwa, kuma ba Yahudawa ne suka fi tayar masa da hankali ba. Mutum-mutumi 18 da ya sassaƙa a jikin wani gini a titin Strand a 1908 sun tayar da ƙura a jaridun Ingila saboda tsiraici. A 1937, bayan ginin ya koma hannun gwamnatin Rodeshiya ta Kudu, Zimbabwe ta yau, aka farfasa sassansu da sunan kada su faɗo kan masu wucewa. Gutsattsarin suna nan har yau a ofishin jakadancin Zimbabwe.

Ba za a yi wannan magana a tsallake shekarun Hitler ba. A 1937 'yan Nazi suka yi nuni a Munich na abin da suka kira lalataccen zane, aikin Chagall yana ciki. Felix Nussbaum, yana ɓoye a Brussels, ya zana kansa a 1943: ya ɗaga wuyan kwat, tauraron rawaya da aka tilasta wa Yahudawa sawa yana ƙirjinsa, ya miƙo katin shaida mai tambarin Bayahude, doguwar katanga ta tokare shi ta baya, idonsa a kan mai kallo. An kashe shi a Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, a 1944. Charlotte Salomon ta bar zane 769 na tarihin rayuwarta kafin a kashe ta a can a 1943, tana da shekara 26 da juna biyu.

Chagall ya tsira, kuma rayuwarsa ce ta fi amsa tambayarka. An haife shi a 1887 a yankin Vitebsk, Belarus ta yau, mahaifinsa ɗan dako ne mai ɗaukar gangunan kifi. Bai riƙe ibada irin ta iyayensa ba, amma garinsu bai taɓa fita daga zanensa ba: akuya, mai goge a kan rufin ɗaki, malami rungume da naɗin Attaura, shi da matarsa Bella suna shawagi a sama. Ya gudu Amurka a 1941, ya dawo Faransa bayan yaƙi, ya zana silin gidan wasan opera na Paris a 1964, ya yi wa coci-coci tagogin gilashi, ya rasu a 1985 yana da shekara 97. Mutumin da ya zana fuskoki ba adadi ke nan. Amma da aka ba shi aikin tagogi 12 na majami'ar asibitin Hadassah a Birnin Ƙudus, waɗanda aka ƙaddamar a 1962, taga ɗaya ga kowane ɗa cikin 'ya'yan Annabi Yaƙub, sai ya cika su da kifi da tsuntsaye da furanni da haruffan Ibrananci. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya, ba za ka ga siffar mutum ko ɗaya ba.