Tambaya da amsa: Yawan ambato ne ke nuna gwanin ciwon fuka?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, ina wuni, ya aiki ya sanyi. Ni ɗaliba ce a fannin likita nan Damagaram, na kusa fara tez, kuma so nake in yi ta kan ciwon fuka da alerji saboda ƙanena yana fama da fuka tun yana ƙarami. Na shiga Google Scholar na ga shafin wani farfesa na Turai, maƙalu ɗaruruwa, ambato dubbai, ga wata lamba wai h ta haura 60, sai na duba na malaman da na sani na ga wani 4 wani 7, wani ma ba shi da shafin sam. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Me lambobin nan ke nufi, ko dai namu ne ba su iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau, Allah ya ba ƙanen naki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ni ma ranar da na fara buɗe irin shafin nan rufe ordinatar na yi na tashi na bar wurin.

Bari mu fara da ambato. Idan kin rubuta maƙala aka buga ta a mujallar kimiyya, sai wani mai bincike ya zo yana rubuta tasa ya ce kamar yadda wance ta gano, ya sa sunan aikinki a jerin ayyukan da ya dogara da su, toh kin samu ambato ɗaya kenan. Shi ke nan fa, ba wani sihiri a ciki. Wani Ba'amurke Eugene Garfield ne ya kawo tunanin a riƙa ƙirga su tun 1955, don a gane wane aiki ya haifi wane, daga baya ne aka mai da abin ma'aunin mutane.

Ita kuma lambar h, wani masanin fizik ne Jorge Hirsch na jami'ar Kalifoniya a San Diyego ya ƙirƙiro ta a 2005. Lissafinta ba wuya. A ce kina da maƙalu 6, ta farko an ambace ta sau 40, ta biyu 18, sai 7, sai 4, sai 2, ta ƙarshe ba wanda ya kula ta. Kina da maƙalu 4 da kowacce ta samu ambato aƙalla 4, don haka h ɗinki 4 ne. Kafin ki kai 5 sai kin samu maƙalu 5 masu ambato biyar-biyar ko fiye. Kin ga wanda ya rubuta maƙala ɗaya tak, ko an ambace ta sau dubu, h ɗinsa 1 ne, kuma lambar ba ta raguwa, ko mutum ya yi ritaya ko ya rasu tana nan, wani lokacin ma ta ci gaba da hawa. Saboda haka ki gwada ɗan shekara 65 da ya fara bugawa kafin a haife ki da malamin da ya gama karatun ƙwarewa shekara biyar da suka wuce, wannan ba adalci ba ne. Kuma mutum ɗaya zai iya samun lamba uku daban-daban, don Google Scholar yana kwashe komai har da tez da rahotanni, su kuma Scopus da Web of Science, wasu rumbunan ƙirga ambato, mujallun da suka zaɓa kawai suke ƙirgawa, shi ya sa ta Google ta kan fi yawa.

Ba zan ce miki lambar banza ce ba. A fanninmu akwai ayyukan da suka ci ambatonsu da guminsu. Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Amurka, da Johansson da Bennich a Suwidin, su suka gano IgE a wajejen 1966 zuwa 1967, wato sinadarin garkuwar jiki da ke sa jikin mutum ya tayar da bori kan ƙura ko gashin kyanwa ko gujiya, yawancin gwajin alerji da ake yi yau a kansa suka tsaya. David Strachan a 1989 ya buga ƴar gajeriyar maƙala a mujallar likitocin Birtaniya, ya duba yara 17,414 da aka haifa a mako ɗaya na watan Maris 1958, ya ga yaron da ke da yayye da yawa murar alerji ba ta cika kama shi ba, ƴar maƙalar nan da ba ta kai tsawon gabatarwar tez ɗinki ba har yau ana ambatonta ana gardama a kanta. Sai binciken LEAP na Landan a 2015, jarirai 640, wanda ya nuna ba wa jariri abinci mai gujiya da wuri yana rage alerjin gujiya da kusan kashi 80 cikin ɗari, alhali a da hana su ake yi. Ranar da na karanta shi dariya na yi, na tuna kunun gyaɗa da ƙuli-ƙulin da iyayenmu suka yaye mu da su ba tare da sun jira Landan ba.

Amma akwai hanyoyin da lamba ke kumbura ba don gwaninta ba. Binciken ISAAC da aka fara a 1991 kan fuka da alerjin yara, maƙalarsa ta 1998 a mujallar Lancet ta ƙunshi yara sama da 460,000 ƴan shekara 13 zuwa 14 a ƙasashe 56. Irin wannan aikin na taron dangi ne, kuma a manyan maƙalu na haɗin gwiwa duk wanda sunansa ya shiga jerin marubuta cikakken ambato yake samu, da wanda ya tsara aikin da wanda ya aiko da alƙaluma kawai. Haka masu zama a kwamitin rubuta ƙa'idojin magani, kowa ya zo rubutu kan fuka sai ya ambace su a layin farko ko bai karanta ba. Ga masu ambaton kansu, yabon kai jahilci amma inji ba ya ganewa, ƙirgawa kawai yake. Kuma inji bai san bambancin yabo da zagi ba, maƙalar wani likitan Birtaniya Wakefield ta 1998 da ta ɗora wa rigakafi laifin ƙarya, mujallar ta janye ta a 2010, amma ambatonta ya fi na dubban ayyukan kirki.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. Wani dare cikin hunturu ina gardi, hazo ya rufe gari har fitilar mota ba ta ratsa shi, aka kawo wani yaro ɗan shekara shida daga wani ƙauye ta hanyar Mirriya, ƙirjinsa na kuka kamar usur, haƙarƙari na lotsawa, uwar ta ce saboda sanyi ta rufe ɗaki ta sa garwashi da turare. Ga Ventoline, shuɗin abin fesawar fuka mai maganin salbutamol, a hannun uban amma yaro bai iya shaƙa ba, ana fesawa magani na tsayawa a harshe. Majo ɗinmu ya ɗauko gorar roba ta rabin lita, ya huda gindinta daidai bakin abin fesawar, ya cusa, yaro ya kama bakin gora yana numfashi a ciki, kafin mu gama rubuta takardarsa ya fara magana. Dabarar nan ba a tasha muka tsince ta ba. Heather Zar, likitar yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, ita da abokan aikinta suka gwada ta suka buga a Lancet a 1999, suka nuna gorar 500 ml tana aiki kamar bututun da ake saya da tsada. Daren nan aikinta ya yi wa yaron Mirriya rana, amma ko ambato ɗaya bai ƙaru mata ba, don majo ba ya rubuta maƙala. Lambar tana auna yawan maganar da masu bincike ke yi kan aikin mutum, ba ta shiga ɗakin marasa lafiya.

Su kuma malamanmu, ki lissafa abin da ke kansu. Mutum ya duba marasa lafiya tun safe har azahar, ya koyar, ya kula da tez goma, kuran ya ɗauke, na'urar auna numfashi ta lalace an rasa mai gyara. Idan ya rubuta da Faransanci yake rubutawa, a mujallun yankinmu da yawancinsu Scopus ba ya gani, masu ambato kuwa Turancin Ingilishi suke karantawa. Kuma mutum makwabcinsa yake ambata, Bature mai bincike kan furen ciyawar ƙasarsu me zai kai shi ga ƙurar hunturu ko ƴan majema masu shaƙar abin jima? CAMES da ke Wagadugu, hukumar da aka kafa a 1968 mai ba malaman jami'o'inmu girma, tana duba maƙalun da ke cikin dosiyen mutum, don haka suna rubutawa, ganinsu ne duniya ba ta yi. Ko Turawan da kansu sun gaji, a 2012 suka tsara sanarwar San Faransisko da ke cewa a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga a ciki.

Sai dai ban yarda mu fake da wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 262 ke da fuka, 455,000 suka rasu, akasarin mace-macen a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu. Mu ke binne su amma wasu ke rubuta labarin cutar. Tez nawa ke kwance a kabad ƙura ta rufe, da an tace su an buga da yanzu wani a Maraɗi ko Kano ya ɗora a kai? Wannan laifinmu ne har da ni.

Toh wurin zaɓen malami, bar kallon h. Buɗe maƙalunsa uku na baya-bayan nan ki karanta, ki ga ko sunansa na farko ne ko na ƙarshe a jerin marubuta, wato wanda ya yi aikin ko ya jagorance shi, ko an saƙala shi ne a tsakiya, ki tambayi ɗalibansa na bara ko yana karanta abin da suka kai masa, kuma tez nawa cikin nasu suka zama maƙala. Ki buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ce, ki tsaya kan rubutun suna ɗaya, don mu yau Mahamadou gobe Mamadou jibi Mahamane, inji sai ya raba mutum uku. Pan African Medical Journal na karɓar Faransanci kuma tana cikin PubMed, rumbun maƙalun likitanci. Dan Allah ki guji mujallun da ke aiko saƙo wai za su buga cikin mako guda in kin biya dala, wani abokina ya zuba kusan albashinsa a irinsu, da ya kai dosiye aka ce ba a san da mujallar ba.

Batun ƙanenki kuma, tunda kin ambata, in kullum shuɗin abin fesawar nan kaɗai yake amfani da shi ki kai shi a sake duba shi. Tun 2019 kwamitin GINA, mai tsara ƙa'idojin maganin fuka na duniya, ya daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da salbutamol shi kaɗai, yana buɗe hanyar iska amma kumburin ciki na nan, sai an haɗa da kotikoyid na shaƙa, maganin da ke rage kumburin. Ki rubuta sau nawa yake fesawa a mako da sau nawa tari ke tashinsa da dare daga yanzu har ƙarshen hunturu, ki zo da takardar ranar da za ki kawo shi.